Na Je Damagaram da Ƙwallon Auduga a Ƙullina

Tun da na dawo daga Damagaram ban huta da tambaya ba. In na je suna, tambaya. In na je gaisuwar rasuwa, ana shafa fatiha sai a matso kusa da ni. Ko wurin inji na kai masara, sai wata ta taɓo ni: wai Inna Hajara, da gaske kin shiga filin ƙwallo? Bakina ya gaji. Shi ya sa na zaunar da autata Talatu, wadda ke koyarwa a firamare, na ce ni in faɗa ita ta rubuta, duk mai tambaya a karanta masa. Ban yi boko ba, amma abin da idona ya gani yana nan.

Kun san ɗana na fari. Ba zan faɗi sunansa ba, kun kuma san dalili. Yadda muka taso, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama ta yi hira da shi, ba ta yabonsa a gaban mutane. Ana yaye shi kakarsa ta ɗauke shi. In ina da magana da shi sai in gaya wa wanda ke kusa, ko da shi yana tsugune a gabana. Mutanen ƙwallo Shinge suke ce masa, wannan kam ina iya faɗa tunda ba na yanka ba ne. Sun sa masa shi ne don aikinsa tsaron baya: wasu su ruga gaba neman ci, shi ya tsaya ya hana a shigo musu gida.

Wata shekara da kaka, yana yaro, na ware audugar kaɗi mai kyau na ajiye a lefe. Na zo ɗauka na tarar ta ragu. Ashe ɗiba ya yi ya cusa a tsohuwar safar babansa, ya naɗe ta da zare tamau, shi da abokansa suna ta bugu a gonar da aka girbe. Na je na ƙwace. Ban ce masa komai ba. Babansa na juya na ce wa, Allah ya jiƙansa: to, mu zuba ido mu ga inda ƙwallon nan za ta kai shi. Cikin fushi na faɗa, kafin tuwo ya nuna na manta. Shi bai manta ba.

Ƙwallo kuwa ta kai shi. Ta kai shi Funtua wurin samarin gidan gurzar auduga. Ta kai shi Kaduna. Ta kai shi Kudu har ya iya cin sakwara. Ta kai shi ƙasar Larabawa, daga can ta wuce da shi ƙasar Turawa, inda aka ce ruwa kan daskare a randa. Ya daɗe yana tsaron bayan mutane. Ya gina mana ɗakunan bulon nan, ya kai babansa Makka kafin ya rasu. Sannan wata rana gwiwarsa ta hagu ta ƙi. Likitoci suka buɗe ta sau biyu, ba ta koma daidai ba. Ya bar bugawa, ya je ya koyi horar da 'yan wasa, ya zama koci. Ya riƙe yara a Funtua, ya riƙe a Zariya, har mutanen Damagaram suka zo suka ɗauke shi. Duk tsawon wannan ban taɓa zuwa kallo ba, ban kuma taɓa ce masa sannu da aiki ba.

To, wata Juma'a matarsa Rabi ta kira wayar Talatu, ta ce a miƙo mini. Ta ce abubuwa sun cushe wa ƙungiyarsu, ana ta cin su. Saura wasa ɗaya ranar Lahadi, in aka ci su sun faɗo daga sahun manya. Ta ce amma ba shi ya sa ta kira ba. Jiya ta same shi yana murza gwiwa, ya ce mata ya gane bakin Inna ne ke bin sa tun ranar audugar nan, shi ya karya masa gwiwa, shi kuma ke karya masa yara. Ko an ci ko ba a ci ba, bayan Lahadi zai ajiye aikin ya dawo gida ya kama noma, ko na yafe masa.

Na ajiye wayar. Mutum da furfura a gemu yana yawo da magana ɗaya da na yar a tsakar gida. Ga aikin da ya iya, ga yaran mutane a hannunsa, zai zubar saboda ni. Na ce wa Talatu ta kira mini ƙanena Ɗanjuma, dillalin hatsi a kasuwar Funtua, ta ce masa gobe da sassafe za mu Nijar.

Na ɗaura ƙulli biyu. Ɗaya garin masara da daddawa da man shanu. Ɗayan ƙarami, daga ƙasan akwatina na ciro shi, ban bari kowa ya gani ba.

A Malumfashi muka hau motar Kano, mu huɗu a kujera ɗaya, buhun waken suya a ƙarƙashin ƙafata. Kafin mu kai Dayi, Ɗanjuma ya gaya wa duk motar ko mu su wane ne. Ya kuma ƙara da cewa shi ya koya wa yaron ƙwallo. Ɗanjuma da ko kaza bai taɓa kora ya cim mata ba. Direba ya waiwayo har motar ta yi gefe, ya ce ya san Shinge sarai, ba shi ne ya taɓa cin gidansu da kai ba a wani babban wasa? Aka yi ta dariya. Ni na san ba da kai ba ne, da diddige ne, kuma turo shi aka yi. Amma na ja mayafina na dubi hanya. Yadda aka yi na sani, za ku ji.

Kano ba ni da abin faɗa a kanta sai hayaniya. Mun sauka, mun yi azahar, mun sake wata motar zuwa Daura. A cikinta na haɗu da Hajiya Indo, mai fataucin turaren wuta, mace mai jiki da dariya. Da ta ji tasha za mu kwana sai ta ce wallahi ba a garinta ba. Ta kai Ɗanjuma zauren mijinta, ni ta shigar da ni ɗakinta. Ta yi mana tuwon gero da miyar kuɓewa busasshiya. Tuwon gero yana da daɗi, amma ga wanda ya saba da na masara kamar an ba ka rabin magana ne. Da safe na tarar akuyarta ta huda ƙullin garina ta yi kalaci. Hajiya Indo ta bi ta da muciya tana zaginta har kakanninta, sannan ta cika mini gurbin da garin gero. Haka na kai wa Rabi tsaraba gauraye. Allah ya saka wa matar nan da alheri.

Daga Daura zuwa Kongolam ba nisa. Ni a zatona iyakar ƙasa katanga ce ko kogi. Ashe igiya ce da ganguna da 'yan rumfuna, yashin wannan gefe shi ne na wancan. A gefenmu aka duba katin ɗan ƙasa, aka ce mu wuce. A gefensu wani jandarma dogo ya tambaye ni wurin wa za ni. Na ce wurin yaron nan. Ya ce wane yaro? Na ce na wajena. Ya ce ba shi da suna? Na dubi ƙasa. Ɗanjuma ya yi caraf ya faɗa, har da na baba da na kaka. Jandarman ya yi murmushi ya ce shi ma ɗan fari ne, uwarsa tana garin Mirya, har yau "kai wannan" take ce masa.

Ya ce in kwance ƙaramin ƙullin. Na kwance. Ya ɗauko abin, ya juya shi, ya matsa da yatsa, ya tambaya ko magani ne. Na ce kayan yaro ne. Ya dube ni, ya dubi abin, ya miƙo mini da hannu biyu.

Muna tsallakawa wayar Ɗanjuma ta mutu murus. Wai layinmu ba ya aiki a ƙasarsu. Mu kuwa ba mu gaya wa Rabi muna tafe ba, ba mu kuma san unguwarsu ba. Ɗanjuma ya ce in kwantar da hankalina, shi ko a Makka ba ya ɓata. Bai taɓa zuwa Makka ba.

Bayan Matamaye taya ta fashe. Direba ya sauko da ta ajiya, ita ma ba iska. Ya hau wani babur da ita ya koma gari, ya bar mu gindin gawo. Nan na zauna na kalli gonakinsu. Gero ne tsilli-tsilli a cikin yashi, tsakanin shuka da shuka mutum zai iya shimfiɗa tabarma. Na tuna masararmu da in ka shiga ba a ganin kanka, na gode wa Allah, na kuma jinjina wa mutanen da ke ci daga wannan ƙasa ba su gudu ba. Wasu Buzaye biyu da raƙuminsu suka sauka kusa da mu suka hura gawayi. Shayinsu a ɗan kofin da bai fi babban yatsa ba, kuma sau uku ake sha. Na farko ɗaci kamar maɗaci, na yi zaton sun manta sukari. Na miƙa kofi zan tashi, suka ce ba a tashi sai an sha na uku. Burodinsu dogo kamar sandar makiyayi, ɓawonsa ya fi ƙarfin haƙorana, sai da na jiƙa. Ina sha ina duban rana. Ta karkata, an kuma ce bayan la'asar ake fara wasa.

Ana kiran la'asar muka shiga Damagaram. Abin da na fara gani mata ne a kan babura, su da kansu suke tuƙi, da mayafinsu, wata har da goyo. Na ce ikon Allah. Muka yi salla a tasha. Ba lokacin neman gida, sai filin kai tsaye. 'Yan acaɓa a can kabu-kabu ake ce musu. Ɗanjuma ya ɗora ni a ɗaya ya hau ɗaya, ya ce nawa ya bi nasa. A mararraba ta biyu wata motar itace ta shiga tsakaninmu. Ban sake ganin Ɗanjuma ba.

Nawa ya ji ina cewa ɗana ne kocin, sai ya kai ni wata 'yar ƙofa ta baya inda manya ke shiga. Daga ciki ana jin ganguna da ihu. A bakin ƙofar wani saurayi ne mai gadi, da sanda a hannu. Na gaishe shi na ce ni ce mahaifiyar mai horar da yaran nan, daga Najeriya nake. Ya yi dariya har da dafa bango.

"Iya, yau uwayen Shinge uku na shigar. Ke ce ta huɗu."

Na ce ni dai ɗaya na sani.

"To faɗi sunansa. Ba Shinge ba, wannan ko jariri ya sani. Sunansa na yanka."

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Kwana biyu ina bisa hanya, ga shi bango ɗaya ne tsakanina da shi, kalma ɗaya ce za ta buɗe ƙofar. Sunan ya zo har maƙogwarona ya tsaya. Abin da harshe bai taɓa ɗauka ba tun ranar suna, ba a bakin ƙofar mutane zai fara ba. Na ce masa ba zan iya ba. Ya ce to in matsa gefe. Na matsa, na zauna a kan ƙullina. Aka busa usur a ciki.

Kusa da ni akwai wata tsohuwa mai sayar da dambun zogale, tana jin mu tun farko. Ta rufe kwanonta ta miƙe, ta je har gaban saurayin.

"Kai ɗan nan, waɗancan ukun ka tambaye su sunan?"

Ya ce ya tambaya, kafin ya rufe baki sun faɗa.

"To ka shigar da 'yan kallo uku, ka bar uwa a waje. Wace uwa ce ke faɗar sunan ɗanta na fari? Je ka tambayi kakarka."

Saurayin ya tsaya. Ya dube ni. Sai ya jingine sandarsa, ya ɗauki ƙullina ya ɗora a kai, ya ce Iya ki yafe ni, taho. Tsohuwar ta cusa mini dambu a leda, ta ce in ci a ciki, kallo da yunwa ba daɗi. Ko sunanta ban tambaya ba, abin yana damuna har yau.

Aka zaunar da ni a kujera cikin masu manyan riguna. Fili kore shar kamar gonar shinkafa sabuwar tsira. Can bakin layi na hango shi. Ya yi ƙiba kaɗan, yana ɗingishi, yana kai da kawo, yana nuni da hannu kamar mai raba kunya ga 'yan gayya. Mutane ƙwallo suke bi da ido. Ni yara huɗun da ke baya nake kallo, don na san nan zuciyarsa take. In ya ɗaga hannu su matso tare, in ya sauke su ja baya tare, kamar an ɗaure su da igiya ɗaya. Sai a ranar na ga da idona abin da ya yi shekaru yana yi. Gadin gona ne. Mai gadin gona kuwa ba wanda ke yaba masa ranar da ba a yi ɓarna ba.

Aka yi ta bugu, aka huta, aka dawo. Baƙin da suka zo karawa da su sun matsa ƙwarai. Dab da tashi wani ya bugo ta, ta wuce mai tsaron raga, tana gangarawa ciki. Wani Alhaji da ke kusa da ni ya riga ya dafe kai. Sai wani siririn ɗan wasa daga cikin huɗun nan ya zo da gudu ya zube ƙasa ya kwashe ta daga kan layi. Ban san na miƙe ba. Dambun mutane ya watse a rigar Alhajin, bai ma lura ba.

Aka tashi ba wanda ya ci wani. Hakan kuwa ya ishe su, sun tsira. Filin ya rikice da ganguna, 'yan wasan suka ɗaga kocinsu sama da gwiwarsa da komai. Cikin wannan na ji wata murya da na sani tun tana kuka a goyo, tana rantsuwa cewa shi kawun Shinge ne, a sake shi. Ɗanjuma ne, ya tsallako shinge daga wancan gefe, takalminsa ɗaya. Shi ya nuna ni.

Yaron nan ya juyo. Ya tsaya cak. Ya cire hularsa, ya tako har gabana, ya durƙusa a kan ciyawa da gwiwar nan mai ciwo. Na kau da kai na ce wa Ɗanjuma ya gaya masa ya tashi, mutane na kallo.

Gidansu na haya ne, mai tsabta. Rabi ta yi kuka ta yi dariya, jikokina uku suka haye ni, ƙaraminsu yana ce mini amarya ta zo. Aka kawo shinkafa da miyar nama da kilishin da ban taɓa cin irinsa ba. Aka ba ni gado mai laushi har mutum ya nutse, na sauko da zanena na kwanta a tabarma.

Washegari da hantsi Ɗanjuma ya tafi ganin kasuwar hatsinsu. Rabi ta dube ni ta dubi mijinta, ta ce za ta kai yara gaida maƙwabta, ta ja ƙofa. Tsakar gida ta rage daga ni sai shi. Na duba hagu na duba dama, ba wanda zan aika da magana. Ya zauna nesa da tabarmata, kansa a ƙasa, ya fara cewa yana so in yafe masa audugar nan.

Na kwance ƙullin na gangara masa abin. Ya mirgina ya tsaya a ƙafarsa. Safar ta yi baƙi, zaren ya saki gefe ɗaya. Ya ɗauka ya jujjuya. Ya ce shi ya ɗauka na ƙone ta.

Sai na yi masa magana. Shi, ba wani ba.

"Ranar da ka ci gidanku, da diddige ne, kuma turo ka aka yi. Kwana biyu ban ci tuwo ba."

Ya ɗago.

"Rediyon babanka da aka ce ya ɓata, a rumbu yake. Duk ranar wasanku can nake shiga in kara a kunne. Sai a yi wasa a gama ba su ambace ka ba, in san ranar ka yi aiki. Ba bakin da ke bin ka. Na ce mu ga inda za ta kai ka, na kuwa gani, na gode Allah. Ka riƙe yaran nan. Allah ya yi maka albarka."

Ban taɓa ganin mai furfura yana kuka yana dariya lokaci ɗaya ba sai ranar. Ya ce Inna, ashe a rumbu? Shi ya sa hatsin gidanmu ba ya yin ɓera. Na ce ya yi mini shiru, na kau da kai, don na ji ni ma abin yana neman zuwa.

Bai ajiye aikin ba. Kwana huɗu na yi. Ranar dawowa shi ya kai mu har iyaka a motarsa, ƙwallon audugar tana rataye a gaban gilashi tana lilo. Ɗanjuma bai sami takalminsa ba, da silifas ɗin Rabi ya shigo Funtua, ya kuma gaya wa 'yan kasuwa cewa shi ya tsara wa yaran yadda za su tsaya.

To, masu tambaya, kun ji. Na shiga filin ƙwallo, na zauna a kujera, na zubar wa wani Alhaji dambu. Rediyon na fito da shi daga rumbu, yanzu a bakin ƙofar ɗakina yake, ranar Lahadi kowa na iya zuwa mu saurara. Talatu ta ce ko ta rubuta sunansa a ƙasan takardar nan, tunda hannunta ne ba bakina ba. Na ce ta bari. Tun da ya zama koci suna faɗarsa a rediyo kowane mako. Mai son ji ya zo da tabarmarsa.